Noma Da Kiwo: Watannin Yunwar Ƙudan Zuma

A wannan wata za mu juya ga wata 'yar halitta wadda ba a ɗaure ta da igiya, ba a kuma kora ta daji kiwo, amma duk da haka tana bukatar kulawar mai ita kamar akuya ko kaza, watau ƙudan zuma. Abin da ya jawo zancen shi ne wasiƙun da suka zo mana daga wajajen Banyo da Tibati da Ngaundal, waɗanda kusan duk tambayarsu guda ce. Mutum ya rataya amya, ƙudan zuma sun shiga, ya ɗebi zumarsa lafiya, bayan wata biyu ko uku ya koma ya tarar da amya wayam, ba kowa sai asu da tururuwa. Wasu na cewa sammu ne, wasu na cewa kambun baka. Amsar da ta fi kusa da gaskiya a mafi yawan lokaci ita ce yunwa.

Domin mu fahimci yadda yunwa ke kashe gidan ƙudan zuma ko ta tashe shi, bari mu fara leƙa ƙasashen sanyi irin su Faransa da Ingila da Jamus, inda matsalar ta fi tamu tsanani, inda kuma aka daɗe ana nazarinta da ma'auni da alƙalami. In mun ga yadda suke yi, sai mu dawo gida mu zaɓi abin da ya dace da mu, mu bar musu abin da bai dace ba.

YADDA ƘUDAN ZUMA KE WUCE SANYIN TURAI

Shekarar Turawa kashi huɗu ce. Daga Disamba zuwa Fabrairu sanyi ne mai tsanani, har ruwa na daskarewa, itatuwa sun kaɗe, babu fure sai ɗan kaɗan. Daga Maris zuwa Mayu kuma lokacin da ƙasa ke farfaɗowa ne, itatuwa su toho su yi fure. Masu fassara kan kira wannan lokaci bazara, amma kada sunan ya ruɗe mu, domin bazararmu zafi ce, tasu kuwa farkonta sanyi ne da ruwan sama da iska, yau rana ta fito gobe a wayi gari da ƙanƙara.

Ƙudan zuma ba sa barcin sanyi kamar wasu ƙwari. Da zarar sanyi ya sauka ƙasa da kimanin digiri 14 a ma'aunin santigiret, sai su taru su dunƙule wuri guda a kan saƙa, sarauniya tana tsakiya. Kowanne yana girgiza naman ƙirjinsa, wanda da shi yake kaɗa fiffike, ba tare da ya tashi ba, sai zafi ya fita daga jikinsa. Na waje sukan matsu da juna su zama kamar bargo ga na ciki. Makamashin wannan wuta kuwa zuma ce. Saboda haka ne mai kiwo a Ingila yakan tabbatar gida guda ya shiga sanyi da ajiyar abinci kusan kilo 20.

Mutum zai zaci a tsakiyar sanyi ne aka fi hasara. Lallai akan yi hasara a lokacin, amma watannin da masu kiwo suka fi jin tsoro su ne Maris da Afrilu, lokacin da ake ganin kamar an tsallake. Ga dalili. A Disamba sarauniya takan daina ƙwai ko ta rage ƙwarai, don haka ɗumin da ake bukata kaɗan ne, gida guda ba ya cin abin da ya wuce kamar kilo ɗaya a wata. Amma da rana ta fara tsawo, wajen ƙarshen Janairu ko cikin Fabrairu, sai ta koma zuba ƙwai. 'Ya'yan kuwa ba sa girma daidai sai wurinsu ya kai digiri 34 zuwa 35, dare da rana, ko da ƙanƙara na zuba a waje. Nan take cin abinci ya ninka sau biyu, sau uku, har fiye. Ga ɗumama ɗaki, ga ciyar da jarirai, ga rumbu ya riga ya yi ƙasa. Tsofaffin ma'aikatan da suka ɗauko gidan tun Oktoba kuma ƙarfinsu ya ƙare, suna ta mutuwa kullum. Ma'aikacin da aka haifa lokacin aiki kamar mako shida yake yi a duniya, na lokacin sanyi ne kaɗai ke kai wata biyar ko shida, to, Maris shi ne ƙarshen wa'adinsu.

In Allah ya sa yanayi ya yi kyau, furannin farko sun buɗe, sai sababbi su maye gurbin tsofaffi, gida ya miƙe. In kuwa sanyi ya dawo ya zauna mako biyu ko uku, an shiga uku, domin ƙudan zuma ba sa iya fita kiwo sosai in sanyi ya yi ƙasa da digiri 10 zuwa 12. Wanda ya yi ƙarfin hali ya fita, sau da yawa jikinsa kan sandare a hanya ya faɗi. Wani abin tausayi ma shi ne akan buɗe amya a tarar duk sun mutu alhali ga zuma a saƙar da ke gefe, tazarar da ba ta fi tafin hannu ba. Sun ƙi barin 'ya'yansu cikin sanyi, sanyin kuma ya hana su warwatsuwa su kai ga abincin. Alamar da ake gane mutuwar yunwa da ita ita ce a ga gawarwakin sun cusa kawunansu cikin ramukan saƙa, suna neman ɗigon ƙarshe.

Wannan ba tatsuniya ba ce. A shekarar 2013 Ingila ta ga watan Maris da ba ta ga mai sanyinsa ba tun 1962, bayan damina mai yawan ruwa a 2012 wadda ta hana ƙudan zuma tara abinci. Da ƙungiyar masu kiwon zuma ta ƙasar ta bi mambobinta ta ƙirga, sai aka tarar kimanin gida ɗaya cikin kowane uku bai ga bayan wannan sanyi ba. A Faransa kuma a 2021, ƙarshen Maris ya zo da ɗumi, itatuwa suka yi fure da wuri, sarauniyoyi suka zuba ƙwai, sai ga sanyi mai daskarar da raɓa a makon farko na Afrilu, ya ƙone tohon inabi da furannin sauran itatuwan marmari, ruwan sama kuma ya biyo baya har tsawon watanni. Masu kiwo da yawa sun yi ta ba ƙudansu sukari a lokacin da ya kamata a ce suna kwasar zuma. Babbar ƙungiyarsu ta ƙiyasta zumar da aka samu a duk ƙasar a shekarar tsakanin tan dubu 7 zuwa dubu 9, watau ƙasa da rabin ta shekarar 2020.

DABARUN DA SUKE YI

Abu na farko shi ne sanin nauyin rumbu ba tare da an buɗe shi ba. Buɗe amya cikin sanyi ɓarna ce, domin ɗumin da aka ƙona zuma aka tara zai tsere cikin minti ɗaya, 'ya'ya su kamu da sanyi. Saboda haka mai kiwo yakan zagaya bayan akwatin ya sa hannu ya ɗan ɗaga shi. In ya ji kamar an kafe shi da ƙasa, to, akwai abinci. In ya ji sakayau, a yi maza. Wasu na amfani da sikeli suna rubutawa kowane mako, don su ga yadda nauyi ke raguwa. Bincike na sosai, inda ake ciro saƙa ɗaya bayan ɗaya, sai ranar da rana ta fito, iska ta kwanta, ɗumi ya kai kamar digiri 15.

Abu na biyu shi ne irin abincin da za a ba su, wannan kuwa ya danganta da yanayi. Muddin sanyi na hana su fita, ba a ba su abu mai ruwa. Akwai wani curin sukari mai laushi kamar alewa, irin wanda masu yin kek ke shafawa, shi ake ɗora musu daidai bisa kansu, inda za su kai gare shi ba tare da sun bar ɗumi ba. Dalilin ƙin ruwan sukari a wannan lokaci biyu ne. Ruwa mai sanyi ba sa iya shan sa, in kuma suka sha da yawa ciki ya cika, ga shi ba sa bayan gida a cikin amya sai sun fita sun tashi sama. In aka tsare su kwanaki da ciki cike, sai zawo ya kama su, su ɓata saƙa, cuta ta bazu. Sai sun fara fita kullum sannan ake ba su ruwan sukari mai tsinkewa, kilo ɗaya na sukari cikin lita ɗaya ta ruwa, wanda ya yi kama da ruwan da suke tsotsa daga fure. Mai kauri kuwa, kilo biyu cikin lita ɗaya, na kafin shigar sanyi ne, don su ajiye.

A nan akwai wani tarko da ya kamata a lura da shi. Ruwan sukari mai tsinkewa yakan sa sarauniya ta zaci fure ya buɗe, ta ƙara ƙwai. In mai kiwo ya fara bayarwa ya daina a tsakiya alhali fure bai zo ba, ya ƙara bakunan ci ne kawai ya janye akushi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wanda ya fara sai ya ci gaba har ranar da daji ya karɓe shi.

Sukarin kuma sai fari tas. Jan sukari da ruwan rake da makamantansu suna da gurɓin da cikin ƙudan zuma ba ya iya narkarwa, sai ya sa su zawo. Ba a kuma dafa ruwan sukari har ya canja launi, domin sukarin da ya ƙone guba ne gare su. Ruwa mai ɗumi ya isa a narkar da shi. Haka nan ba a ba su zumar kasuwa wadda ba a san daga inda ta fito ba. Akwai wata muguwar cuta mai ruɓar da 'ya'ya a cikin saƙa, ƙwayoyinta na ɓuya cikin zuma, ba sa cutar da mutum, amma suna iya rayuwa shekaru gommai, kuma a Ingila amyar da ta kamu ƙone ta ake yi da duk abin da ke ciki.

Abu na uku, zuma da sukari ƙarfi kawai suke bayarwa, kamar tuwo. Miyar ita ce garin fure, wannan ƙurar mai ruwan ɗorawa da muke gani maƙale a ƙafafunsu na baya. Da ita matasan ma'aikata ke yin abincin jarirai. In babu ita, ko da rumbu cike yake da zuma, renon 'ya'ya zai tsaya, har akan ga ma'aikata na cinye ƙwai da ƙananan tsutsotsi don kada abin da ke jikinsu ya tafi a banza. Shi ya sa masu kiwo a can ke kafa amyoyinsu kusa da itatuwan da ke riga sauran yin fure, in kuma yanayi ya hana fita sai su kwaɓa garin waken soya da yis da ruwan sukari su ɗora musu. Ganin ma'aikata na shiga da garin fure a ƙafa alama ce mai daɗi, domin galibi tana nuna akwai sarauniya kuma tana aiki.

Abu na huɗu ruwa ne. Zumar da ta daɗe takan yi kauri ko ta daskare, sai an sirka ta da ruwa kafin a ba jarirai. Ma'aikata da yawa kan halaka a hanyar ɗebo ruwa ranar sanyi, don haka akan ajiye musu kasko kusa, wajen da rana ke bugawa, a zuba tsakuwa ko ƙirare don su samu wurin sauka. Amma ruwan da ake so a waje, ba a son sa a ciki. Tururin numfashinsu in ya haɗu da murfi mai sanyi yakan zama raɓa ya ɗiga a kansu, kuma masu kiwo sun daɗe da sanin cewa jiƙa ta fi sanyi kisa. Shi ya sa ake lulluɓe saman akwati da abin da ke riƙe ɗumi, a ɗan karkata shi gaba don ruwa ya gangara waje.

Abu na biyar lafiya. Babban abokin gabar ƙudan zuma a duniya yau wata 'yar kaska ce ja, girmanta kamar kan allura mai ƙulli, masana na kiran ta barowa. Asalinta daga Asiya ne, ta isa Faransa a 1982, ta isa Ingila a 1992. Tana hayayyafa cikin ramin jariri, tana cin kitsen jikinsa, tana kuma sa masa cutar da ke naƙasa fiffike. Gidan da ya shiga sanyi da kaska da yawa ma'aikatansa ba sa kai Maris, kuma ba sukarin da zai tashe shi. Saboda haka maganinta tun ƙarshen damina ake yi, a ƙara a tsakiyar sanyi lokacin da babu 'ya'ya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Gidan da ya fito daga sanyi da 'yan tsiraru kuma, in ba cuta gare shi ba, akan haɗa shi da wani. Sai a cire sarauniya ɗaya, a ɗora akwati bisa akwati, a sa takardar jarida tsakani. Kafin su huda takardar warinsu ya gauraya, sai su zauna lafiya.

TO, MU FA?

Wani zai ce, Malam, ina ruwanmu da ƙanƙarar Turawa? Ruwanmu shi ne kowace ƙasa tana da watannin da fure ke yankewa, kuma lissafin da ke cikin amya ɗaya ne ko'ina. Daga ranar da sarauniya ta yi ƙwai zuwa ranar da ma'aikaci ya fito kwana 21 ne. Sai ya ƙara kamar mako uku yana aikin cikin gida, shara da reno da gini, kafin ya fara fita kiwo. Ke nan ƙudan da zai ɗebo maka zumar fure, ƙwansa an yi shi tun mako shida kafin furen ya buɗe. Gidan da ke cikin yunwa mako shida kafin fure, zai ga furen ya zo ya wuce yana ta faman tara ma'aikata. Wannan lissafi shi ne gishirin maganar duka.

Bambancinmu da su a wuri biyu yake. Na farko, lokaci. A nan tudun Adamawa manyan itatuwan da ke ba da zuma, irin su maje da kaɗanya da namijin kaɗe da ɗorawa da malmo da mangwaro, da rani suke fure, shi ya sa ake ɗiban zuma daga ƙarshen rani zuwa farkon damina. Watannin wuya su ne tsakiyar damina, Yuli da Agusta har cikin Satumba, lokacin da ko'ina kore shar amma fure kaɗan ne, wanda ke akwai kuma ruwa ya wanke zaƙinsa, ga marka tana tsare ƙudan zuma a gida kwana biyu ko uku a jere. Ido na ganin ciyawa ya zaci ƙoshi ne. A arewa kuma, wajen Garwa da Marwa, akwai wata wuyar ta daban a ƙarshen rani, lokacin da zafi ya kai intaha, rafuka suka ƙafe, gobarar daji ta cinye abin da ya rage.

Na biyu, hali. Ƙudan zumar Turai in abinci ya ƙare ba shi da inda za shi, sai ya mutu a gida. Namu na Afirka kuwa in ya ga rumbu ya ƙare, ko an dame shi, sai sarauniya ta daina ƙwai, a jira 'ya'yan da suka rage su fito, wata rana da hantsi a tashi gaba ɗaya a nemi wani dajin. Ga amsar masu wasiƙunmu. Kuma yawanci hannun mai amya na ciki. An zo da dare da wuta, an kwashe saƙa duka, mai zuma da mai 'ya'ya, daidai lokacin da fure ke ƙarewa damina na shigowa. Wa zai zauna a gidan da aka kwashe wa rumbu ana gobe yunwa?

Saboda haka ciyarwar farko, wadda ba ta cin ko dala, ita ce a bar musu rabonsu. In za a ɗiba, a ɗebi saƙar da ta nuna aka rufe ta da kaki, a bar duk wadda ke da 'ya'ya, a kuma bar musu saƙa biyu ko uku masu zuma kusa da 'ya'yan. A yi aiki da hayaƙi mai sanyi, kada harshen wuta ya taɓa su. A amyar gargajiya ta ciyawa ko ta tukurwa, wannan ya fi sauƙi in tana buɗewa ta baya, domin zuma a baya take, 'ya'ya na wajen ƙofa. Masu akwatin nan mai sanduna a sama, wanda aka ƙirƙiro don Kenya a farkon shekarun 1970, su aikin ya fi yi musu sauƙi, tun da suna iya ɗaga saƙa ɗaya ɗaya su duba.

Ta yaya za a gane suna jin yunwa? A ɗaga amya a ji nauyinta kamar yadda Bature ke yi. A tsaya gefen ƙofa da hantsi a ga ko ana shiga da garin fure. In aka ga zirga-zirga ta ragu, ko ana jefo matattun tsutsotsi waje, to, akwai magana. Gari ma yakan ba da labari. Duk lokacin da kuka ga ƙudan zuma sun addabi teburin mai shayi da mai rake, ko sun cika injin niƙa suna birgima cikin garin masara da na rogo, ku sani daji ya ƙare musu.

In an tabbatar, sai a narkar da farin sukari, kilo ɗaya cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Tun da ƙasarmu da ɗumi, ruwan sukari na saurin tsami, don haka a ba su kaɗan kaɗan, abin da za su shanye cikin kwana biyu, kamar rabin lita ga gida guda. A zuba cikin ƙaramin kwano ko gwangwani mai tsabta, a cika shi da karan dawa ko busasshiyar ciyawa don kada su nutse, a sa shi cikin amyar daga baya. A yi haka da magariba, kada a zubar a ƙasa, a kuma rage faɗin ƙofa. In aka ajiye a fili da rana, gidaje masu ƙarfi ne za su shanye, daga nan su bi wari su faɗa wa raunana su washe su. Kilo biyu ko uku na sukari kan isa su tsallakar da gida daga mawuyacin wata, kuma kowa ya san litar zuma a kasuwa ta fi kilon sukari tsada, balle a ce gidan ya tashi a zauna jiran wani taron ya shigo.

Damina na zuwa da jiƙa, abin da muka ce ya fi sanyi kisa. A duba rufin kowace amya kafin ruwa ya sauka, a ƙara mata shuci ko kwano, a karkata bakinta ƙasa. A share ciyawar da ke ƙarƙashi, a shafa baƙin mai ko giris a wayar da aka rataya ta ko ƙafafun abin da aka ɗora ta, saboda kwarkwasa na iya tashin gida cikin dare ɗaya. Asun kaki kuma raunanan gidaje yake ci. In ƙudan sun ragu har ba sa iya rufe duk saƙarsu, a cire tsofaffin saƙa marasa komai a narkar da su, kada su zama masaukin asu. Ita kaskar barowa ta shigo Afirka, an gan ta a Afirka ta Kudu a 1997, a Kenya a 2009, amma bincike ya nuna ƙudan zumarmu na jure mata fiye da na Turai, saboda haka kada wani ya ɗauko maganin kaskar shanu ya zuba a amya, zai kashe ƙudan ya kuma lalata zumar.

Sanyin ma ba mu rasa namu ba. Ngaundare na bisa tudu sama da mita 1,000, kuma duk wanda ya kwana a nan cikin Disamba da Janairu ya san yadda asuba take. Wannan ne kuma lokacin da sababbin taro ke shiga amya suna fara reno. A liƙe tsagogi da laka ko kashin shanu, a juya ƙofa daga bakin iskar hunturu, kada a buɗe amya da sassafe. A share kewaye saboda gobara, a ajiye ruwa a kasko da tsakuwa, a riƙa cika shi kullum. Masu gonar auduga da kayan lambu kuma, don Allah a yi feshi da yamma lis bayan ƙudan zuma sun koma gida, a kuma sanar da maƙwabci mai amya.

MAGANAR AMANA

Akwai abin da ba zan rufe wannan fili ban faɗa ba. Sukari abincin ceton rai ne a watan yunwa. Da zarar fure ya buɗe, a janye shi. Wanda ya ci gaba da ɗura wa ƙudansa sukari har lokacin ɗiba, abin da zai tace ruwan sukari ne da ya bi ta cikin ƙudan zuma, in kuma ya sayar da shi da sunan zuma ya yi algus, daidai da wanda ya dafa sukari a tukunya ya zuba a kwalba. Mutane da yawa don magani suke sayen zuma, su ba mara lafiya da tsoho. Mu kuma Hausawan ƙasar nan da yawanmu a fataucin zuma da kaki muke, daga Ngaundal da Maiganga zuwa Yawunde da Duwala har ƙetaren iyaka, jarinmu kuwa shi ne a yarda da mu. Ku dubi mutanen Oku a lardin Arewa maso Yamma. Dutsensu ya haura mita 3,000, sanyinsa ya sa sai sun kai amya ƙasa ƙudan zuma sun shiga sannan su ɗauko ta a ka su hau da ita daji. Da wannan wahala suka riƙe ingancin farar zumarsu har a 2013 aka yi wa sunanta rajista ta musamman, ba mai ikon sayar da wata zuma da sunan Oku. Suna irin wannan shekaru ake yi ana gina shi, kwalba ɗaya ta algus kuwa ta isa ta ɓata sunan kasuwa guda.

Ga 'yan makaranta da matasan da ke son shiga wannan sana'a, shawarata ita ce kowa ya samu ɗan littafi. Ya rubuta ranar da kowace bishiya ta unguwarsu ta fara fure da ranar da ta gama, ranar da taro ya shiga amya, ranar ɗiba, da nauyin da ya ji duk mako biyu. Bayan shekara biyu zai san watannin yunwar yankinsa fiye da kowane baƙo, zai kuma san ranar da zai ƙirga mako shida baya ya duba rumbun ƙudansa. Wanda ke da fili kuma ya dasa mangwaro da zogale da lemo, ya bar kaɗanya da ɗorawar da ya tarar a gona.

A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake narkar da kaki a tace shi ya yi kyan da 'yan kasuwa ke so, domin da yawa daga cikinmu zubar da shi muke yi alhali kuɗi ne. Mai tambaya ko ƙarin bayani, musamman dattawan da suka daɗe a wannan sana'a, ya rubuto ta ofishin wannan mujalla. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa amyoyinmu su cika. Wassalam.